Mota Mai Ɗaki: Yadda Ake Shirya Ta Domin Zama da Tafiya Nesa da Gari

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake kwana a cikinta, a dafa abinci, a yi wanka. Idan ka hango ta daga waje, kamar motar ɗaukar kaya take. Amma da ka buɗe ƙofa za ka tarar da gado, da murhu, da tankin ruwa, da fitila. Faransawa suna ce mata kampin-kar. A cikin wannan bayani za mu kira ta mota mai ɗaki.

Masu irin wannan mota sukan yi kwana da kwanaki a daji ko a bakin teku, inda babu wayar lantarki, babu famfo, babu kanti. Dole motar ta tafi da wutarta da ruwanta. Ilimin da suke aiki da shi, shi ne dai wanda ake bukata wajen sa wutar sola a gidan ƙauye, ko a shagon cajin waya, ko a motar ma'aikatan lafiya masu zagaya karkara. Kuskure a wannan aiki yana jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har asarar rai. Saboda haka ka karanta a hankali.

Daga ina ta samo asali?

A shekara ta 1950 kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya fara ƙera wata ƙaramar bas mai inji a baya. A shekara ta 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara yin kayan ɗaki da ake sawa a cikinta, domin iyali su yi tafiyar hutu su kwana a mota. Wannan bas ta yi farin jini ƙwarai. An ci gaba da ƙera tsohon samfurinta a ƙasar Brazil har shekara ta 2013.

Mutanen ƙasarmu ma sun ga irin waɗannan motoci. A shekarun 1970 da 1980 Turawa da yawa sun ratsa Sahara da mota daga Aljeriya. Sukan biyo ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su wuce Arlit zuwa Agadas. Daga shekarun 1990 rashin tsaro ya sa wannan zirga-zirga ta ragu sosai.

A yau a Turai an fi gyara manyan motocin kaya irin su Fiat Ducato, da Mercedes Sprinter, da Renault Master. Wasu kuma suna gyara Toyota Hiace, wadda ka sani a tashoshin Maraɗi da Damagaram.

Abu na farko: lafiyar mota da nauyinta

Ba a gina ɗaki a kan ruɓaɓɓen tushe. Kafin ka sayi katako ko batir, kai motar wurin makaniki ya duba inji, da birki, da tayoyi. Ka shiga ƙarƙashinta ka nemi tsatsa. Inda ka same ta, a kankare, a yi walda idan ƙarfen ya huje, sannan a shafa fenti. Tsatsar da aka rufe da katako ba ta mutuwa, ci take yi a ɓoye.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. An rubuta shi a takardar mota, da kuma a wani ɗan ƙarfe da aka manna a jikinta. A Faransa, mai takardar tuƙi ta ƙananan motoci, wato permi B, ba ya tuƙa motar da iyakar nauyinta ya wuce kilo 3,500. Shi ya sa masu gyaran mota a can suke auna kusan kowane abu kafin su sa shi.

Ga misali. A ce iyakar motarka kilo 3,500 ne, ita kuma ba kaya tana da kilo 2,100. Abin da ya rage maka kilo 1,400 ke nan. Yanzu ka lissafa abin da za ka ɗora:

Katako da gado da kabad: kilo 400
Batir biyu: kilo 60
Farantan sola biyu: kilo 25
Ruwa lita 100: kilo 100
Tulunan gas biyu: kilo 30
Mutum biyu: kilo 140
Abinci da tufafi da kayan gyara: kilo 200

Jimla kilo 955. Idan ka cire daga 1,400, saura kilo 445. Wannan mota tana cikin ƙa'ida. Ƙaramar mota kuwa ba ta da wannan sarari, sai ka rage kaya.

Lodin da ya wuce kima yana sa birki ya ƙi kamawa da wuri, taya ta yi zafi ta fashe, mai kuma ya ƙare da sauri. Ka ajiye abubuwa masu nauyi a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan nauyi ya taru a kan rufi, mota tana saurin kifewa a kwana.

Maganin zafi da sanyi

Jikin mota ƙarfe ne. Da rana yana ɗaukar zafi, da dare yana saurin hucewa. Turawa sun fi fama da sanyi, mu kuwa da zafi, amma maganin iri ɗaya ne: a sa wani abu mai laushi a tsakanin ƙarfe da katakon ciki. A Turai ana amfani da soso na musamman, ko ulun tumaki, ko ɓawon wani itace mara nauyi. Rufi ne ya fi bukatar wannan, domin shi rana take duka kai tsaye.

Ga wasu dabaru masu sauƙi. Ka shafa wa rufi farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Ka rufe gilasai da labule mai ƙyalli idan ka tsaya. Ka buɗe taga a saman rufi ka sa mata fanka, ka kuma bar wata kafa a ƙasa. Iska mai zafi sama take hawa, sai ta fita ta rufi, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Kowace taga a sa mata raga, kuma a kwana cikin gidan sauro, wato sange.

Hattara: motar da aka rufe a rana, zafin cikinta yana iya wuce digiri 60. Kada ka bar yaro ko dabba a ciki, ko da na ɗan lokaci ne.

Wutar lantarki daga rana

Wannan shi ne sashen da ya fi cin kuɗi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kayan wutar guda huɗu ne.

1. Farantin sola. Shi yake mayar da hasken rana ya zama lantarki. A kan rufi ake ɗaure shi.
2. Akwatin daidaita caji. Yana tsakanin faranti da batir. Shi yake hana batir cika fiye da kima.
3. Batir. Shi ne rumbun wuta. Yana ajiye ta rana domin a yi amfani da ita da dare.
4. Inbata. Tana mayar da wutar batir mai bolt 12 ta zama irin ta gida mai bolt 220. Sai idan kana da kayan da suke bukatarta za ka saye ta, domin ita kanta tana cin wuta.

Batirin ɗaki daban yake da batirin tada inji. Kada ka jona fitila da fanka a batirin inji. Idan ya ƙare cikin dare, da safe mota ba za ta tashi ba, ga shi kana nesa da gari.

Yaya za ka san yawan wutar da kake bukata?

Manomi yana auna abin da iyalinsa za su ci kafin ya san girman rumbun da zai gina. Haka ma wuta. A jikin kowane kayan lantarki an rubuta ƙarfinsa da lamba da harafin W, wato wat. Ka ninka wat da yawan awoyin da abin zai yi yana aiki. Abin da ka samu shi ake kira wat-awa. Ga misali na yini ɗaya:

Ƙwan fitila 3, kowane wat 5, awa 4: 3 × 5 × 4 = 60
Fanka mai wat 15, awa 8: 15 × 8 = 120
Ƙaramin firigo mai wat 45, awa 8: 45 × 8 = 360
Rediyo mai wat 5, awa 4: 5 × 4 = 20
Cajin waya biyu: 20

Jimla wat-awa 580. Wani kaso na wuta yana salwanta a cikin wayoyi da batir, saboda haka ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, wato 145. Bukatarka ta zama wat-awa 725 a yini.

Ka lura da firigo. Shi kaɗai ya cinye fiye da rabi. Injinsa yana kamawa yana tsayawa, shi ya sa muka ba shi awa 8 cikin 24. A lokacin bazara kuwa yana iya yin awa 12 ko fiye. Ka ajiye shi a inuwa, ka bar sarari a bayansa domin iska, kada kuma a riƙa buɗe shi barkatai.

Wane batir za ka saya?

Idan ka ga an rubuta 12 V da 100 Ah a jikin batir, ka ninka su: 12 × 100 = 1,200. Wat-awa 1,200 ke nan yake ɗauka. Amma ba duka za ka kwashe ba.

Batirin dalma shi ne wanda aka fi sani, kuma ya fi araha. Rabinsa kaɗai ake amfani da shi, wato wat-awa 600. Idan kana ƙarar da shi ƙarƙaf kullum, ba zai daɗe ba. Mai girman nan yana da nauyin kilo 25 zuwa 30. A misalinmu guda ɗaya bai isa ba, sai biyu.

Batirin litiyam, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, ya fi tsada wajen saye. Amma nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya amfani da kashi 80 cikin 100 na wutarsa, kuma yana jure caji sau dubbai. A misalinmu guda ɗaya zai ishe ka yini. Ba a cajinsa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifiri. Wannan damuwar mutanen Turai ce. Tamu damuwar ita ce zafi, domin zafi yana rage kwanan kowane irin batir. Ka sa shi a ƙasa, a wuri mai inuwa da iska.

Faranti nawa?

Ƙasarmu tana da arzikin rana. Faranti mai wat 100 yana samun kamar awa 5 na rana mai ƙarfi a yini. A lissafi wat-awa 500 ke nan, amma zafi da ƙura suna rage shi zuwa 350 ko 400. Domin samun 725, kana bukatar faranti biyu. A arewacin Turai kuwa, a watan Disamba, rana gajera ce kuma gajimare ya rufe sama, faranti ba ya ba da abin kirki. Shi ya sa suke haɗa batirin ɗaki da injin mota ta wata na'ura, ya riƙa caji idan ana tafiya.

Ka bar ɗan sarari tsakanin faranti da rufi domin iska ta ratsa, saboda faranti mai zafi yana rage aiki. A lokacin hunturu ka goge ƙura da tsumma mai laushi da sassafe. Inuwar reshe ɗaya a kan faranti tana iya rage wutarsa sosai.

Kariya daga gobara

Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma yana tada gobara. Idan wayoyi biyu tsirara suka haɗu, nan take sukan yi ja su kama wuta. Ka kiyaye waɗannan:

1. A sa fis kusa da batir, a kan wayar da take da alamar +. Kowane layi ma a ba shi nasa fis.
2. Idan fis ya ƙone, a nemi dalili. Kada a maye gurbinsa da guntun waya.
3. A yi amfani da waya mai kauri. Siririyar waya tana zafi.
4. Inda waya ta ratsa ƙarfe, a sa mata roba, kada girgizar hanya ta yanke ta.
5. A fara jona akwatin daidaita caji da batir, sannan a jona faranti.
6. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji. A yi masa kafar iska zuwa waje, kada a kunna ashana kusa da shi.

Tsohon batir ba abin wasan yara ba ne. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa. A wata unguwa ta bakin birnin Dakar, a ƙasar Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin ƙarshen shekara ta 2007 da farkon ta 2008, saboda ana farfasa tsofaffin batura a inda mutane suke zaune. Kada ka fasa batir a gida. Ka mayar wa mai sayarwa.

Ruwa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ba za ka iya ɗaukar duk abin da kake so ba. Ƙungiyoyin agaji suna ƙiyasta lita 15 a yini ga mutum ɗaya, domin sha da girki da tsabta. Mutum biyu lita 30 ke nan. Tanki mai lita 100 zai kai su kwana uku da ɗan ɗori. A lokacin zafi ka ƙara ruwan sha.

Ka raba ruwanka gida biyu: tanki da jarkoki. Idan ɗaya ya huje, ɗaya yana nan. Ka zaɓi tankin da haske ba ya ratsawa, domin haske yana haifar da gansakuka. Ka ɗaure shi tamau a ƙasa. Kada ka zuba ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko gazuwal, ko maganin ƙwari, komai wankin da aka yi mata. Ruwan da ba ka yarda da shi ba, ka tace shi, sannan ka tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana tafasa, ko ka sa masa ƙwayar tsabtace ruwa bisa ga umarnin da yake jikin takardarta.

Famfon ƙafa ko na hannu ya fi na lantarki tattalin ruwa, kuma ba ya cin batir.

Girki da iskar gas

Gas na girki ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaya, ƙasa yake sauka ya taru, sai ƙyastu ɗaya ya tashi motar. Saboda haka a Turai ana ajiye tulun gas a tsaye, a ɗaure, cikin akwati na musamman da aka huda wa kafa a ƙasa zuwa waje. Ka yi haka kai ma. Domin gane tsiyaya, ka shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo. Idan ta yi ƙwai-ƙwai, akwai yoyo. Kada ka gwada da wuta. Ka canza tiyo idan ya fara tsagewa. Ka rufe kan tulu kafin ka tashi mota da kuma kafin ka kwanta.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan ɓoyewa. Duk abin da yake ci da wuta a wuri rufaffe yana iya fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a tarar da shi ya mutu. Gawayi yana fitar da ita sosai. Kada ka shigar da murhun gawayi cikin mota domin dafa shayi ko jin ɗumi. Kada ka kwana inji yana aiki. Idan kana girki, ka buɗe taga. Idan wani ya nuna alamun nan, a fitar da shi waje nan da nan, a kai shi likita. Ana sayar da wata ƴar na'ura mai ƙara idan iskar ta taru. Ka sa ta kusa da gado, ka kuma rataye tulun kashe gobara kusa da ƙofa.

Bayan gida da shara

Masu mota mai ɗaki a Turai suna da ɗan masai mai tanki da ake cirewa. A Faransa garuruwa da yawa sun tanadi wurare na musamman inda ake zubar da ƙazanta, a kuma cika ruwa. Inda babu irin wannan wuri, a haƙa rami a binne, nesa da rijiya ko tabki da aƙalla mita 30. Leda da gwangwani kuwa, ka tafi da abinka. Dabbar da ta haɗiye leda tana iya mutuwa, asara ce ga makiyayi.

Gado da kabad

Wuri kaɗan ne, saboda haka kowane abu ya yi aiki biyu. Gado ya zama wurin zama da rana, ƙarƙashinsa kuma ma'aji. Ka gaya wa kafinta ya yi amfani da katako mara nauyi. A ɗaure kowane kabad a jikin ƙarfen mota da ƙusa mai noti, kowace ƙofa a yi mata sakata. Idan aka taka birki da ƙarfi, tukunyar da ba a ɗaure ba takan taho kamar jifa. Kada kowa ya kwanta a gado mota tana tafiya. Kowa ya zauna a kujera ya ɗaura bel.

Doka da takardu

A Faransa, wanda ya mayar da motar kaya ta zama mota mai ɗaki dole ya kai ta a duba gas da kafofin iska, a kuma sauya bayaninta a takardar mota. Tun shekara ta 2018 aka tsananta wannan a wurin binciken lafiyar motoci. Kowace ƙasa da nata tsari. Kafin ka yanka ƙarfe ko ka cire kujeru, ka tambayi ofishin kula da sufuri da kamfanin inshorarka.

Kafin ka kama hanya

1. Ka auna motar a sikeli da dukan kayanta da ruwanta.
2. Ka kwana biyu a cikinta kusa da gida, ka ga abin da bai yi daidai ba.
3. Ka ɗauki tayar ajiya mai kyau, da jak, da famfon iska, da shebur, da igiyar jan mota, da akwatin magani, da fis na canji.
4. A cikin rairayi ka rage iskar taya, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta.
5. Kada ka kwana a cikin ƙorama ko da a bushe take. Ruwan da aka yi a nesa yana isowa ba sallama.
6. Ka tambayi hukuma halin tsaron hanya, ka guji tafiyar dare.
7. Idan za ka sauka kusa da ƙauye, ka fara gaida maigari ka nemi izini.
8. Ka sanar da wani naka hanyar da za ka bi da ranar da za ka isa.